Wasiƙa daga Amurka: Fanshon ƙungiya awa yake ƙirgawa, ba shekara ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni fili in yi wa 'yan'uwana masu aikin ƙarfi a nan Amurka wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san da yawansu suna karanta jaridarku a waya, kamar yadda nake yi a cikin mota lokacin hutun rabin awa na cin abinci. Iyalansu na gida ma suna karantawa, kuma su ma maganar ta shafe su, don sau da yawa su ne ke kiran mutum ya taho ya daɗe.

Ni aikin kankare nake yi a jihar Ohayo. Na shiga ƙungiyar ƙwadago ta masu aikin gini a 2006. Yanzu shekaruna 58, gwiwoyina sun fara yi mini zancen ritaya tun ban tambaye su ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, watan jiya wani bawan Allah da nake kira Yaya ya karɓi fanshonsa na farko. Shi ya sauke ni a ɗakinsa da na zo ƙasar nan, shi ya kai ni ofishin ƙungiya da ƙafarsa, shi ya koya mini riƙon tiyon kankare yadda ba zai yi jifa da ni ba. Ya nuna mini takardar, muka duba tare, babu wanda ya ce uffan. Shekara huɗu na mafi ƙarfin rayuwarsa ba sa cikin lissafin.

Ga yadda aka yi. Yaya ya yi aiki a ƙarƙashin ƙungiya daga 2005 zuwa 2008, kowace shekara yana haura awa 1,000 nesa ba kusa ba. Sai tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a ƙarshen 2008, gine-gine suka tsaya cak, mutum ya yi wata biyu sunansa na kan jerin masu jiran aiki babu kira. Ga mahaifinsa ba lafiya. Ya ce bari ya je gida ya ga abin da hali zai yi. Wata uku ya ce zai yi. Aka yi rasuwa, aka shiga rabon gado, ya kama ɗan kasuwanci, yau da gobe sai Allah, bai dawo ba sai 2015.

Ni na raka shi ofishin asusun fansho bayan dawowarsa. Matar da ke wurin ta buga lambarsa a kwamfuta, ta juyo da fuskar na'urar wajenmu, ta sa bayan biro tana nuna mana layi-layi. 2009, sifiri. 2010, sifiri. Haka har 2013. Ta ce shekara biyar a jere babu aiki, kuma lokacin da ya tafi haƙƙinsa bai tabbata ba, saboda haka duk abin da ya tara a baya ya goge. Yaya ya juyo ya ce mini da Hausa, "Ƙanena, tambaye ta da kyau, ko ni ne ban ji Turancin ba. Shekara huɗu fa na yi ina zuba kankare." Na sake tambaya. Amsar ba ta canja ba. Ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "To, Allah ya sa hakan ne mafi alheri," muka fito. A mota ne ya tambaye ni awa nawa ya rage masa a wancan lokacin ya cika shekara biyar ɗin da ke tabbatar da haƙƙin fansho. Na ce 1,000. Mako 25 ke nan a kan awa 40. Wata shida bai cika ba.

Malam Edita, ba zaluntarsa aka yi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ciwo. Ƙa'idar tana rubuce a ɗan littafin da doka ta wajabta wa kowane asusu ya ba sabon shiga cikin kwana 90. Dukanmu an ba mu. Ni nawa ya yi shekaru a ƙarƙashin kujerar mota.

Mu da muka taso muna jin ana cewa wane ya yi shekara kaza a bakin aiki ya yi ritaya, kanmu shekara yake ƙirgawa. Aikin gini a nan ba haka yake ba. Ba ka da ubangida ɗaya. A shekara guda za ka iya yi wa 'yan kwangila huɗu aiki, wannan wata uku, wancan mako biyu, in gini ya ƙare kowa ya kama gabansa. Shi ya sa aka yi asusu ɗaya wanda duk 'yan kwangilar da suka sa hannu a yarjejeniya da ƙungiya suke zuba kuɗi a ciki, kuma ma'aunin zubin shi ne awa. Duk awar da ka yi, ɗan kwangila zai biya ka ladanka, sannan ya tura wa asusun wani adadi da aka yanke a yarjejeniyar. Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta ce kwamitin amintattun da ke riƙe da irin wannan asusu rabinsa na ƙungiya ne, rabi na masu ba da aiki, don kada ɓangare ɗaya ya yi gaban kansa da kuɗin. Irin waɗannan asusun sun kai kusan 1,400 a faɗin ƙasar, mutanen da ke cikinsu sun haura miliyan 10, daga masu gini da direbobin manyan motoci zuwa ma'aikatan otal da na manyan kantuna.

Kuɗin nan ba a sunanka ake ajiye shi ba. Wannan shi ne bambancinsa da asusun 401(k), wato ajiyar ritaya mai sunan mutum shi kaɗai, wanda za ka buɗe waya ka ga dala nawa gare ka. A nan tukunya ɗaya ce ta kowa da kowa, abin da ake rubuta maka kawai shi ne awoyinka. Shi ya sa Yaya bai iya cewa a ba shi abin da aka zuba dominsa ya tafi ba. Babu wani ƙunshi mai sunansa.

Kuma awoyin nan littafi biyu suke shiga. Yawancin mutanenmu a nan suke ruɗewa, ni ma na daɗe ina cakuɗa su.

Littafin farko shi ne na tabbatar haƙƙi, wato ko za ka sami fansho ko ba za ka samu ba sam. Dokar fansho ta Amurka mai suna ERISA ta 1974 ta ce shekarar da mutum ya yi awa 1,000 dole a ƙirga masa ita. Wasu asusun sun fi doka sassauci, suna ƙirgawa da ƙasa da haka, amma babu wanda ya isa ya nemi fiye. A yawancin asusun, in ka tara irin wannan shekara biyar, haƙƙinka ya zauna daram. Ko ka bar sana'ar ka koma tuƙin tasi, ko ka bar ƙasar dungurungum, abin da ka tara yana nan yana jiranka har ka kai shekarun ritaya. Da can shekara goma ake nema a asusun ƙungiyoyi, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka rage zuwa biyar. Tsofaffin ma'aikata suna da labaran mutanen da suka yi tara suka tafi hannu rabbana.

Kada mutum ya ce ai shekara biyar ba wuya. Ga nawa lissafin, na kwafo shi daga takardata. A 2006 na shiga a tsakiyar shekara, awa 640, ba ta shiga ba. 2007 na yi 1,710, 2008 na yi 1,380, biyu ke nan. 2009 awa 420 kacal. 2010 na yi 880, na kusa amma kusa ba ta shiga littafi. 2011 da 2012 suka shiga, huɗu. Sai 2013 ta cika biyar, ita ma da kyar, zan zo kanta. Shekara takwas ina sa hular kwano kafin in sami biyar. Mai aikin ofis da ke yin awa 40 kowane mako yana da 2,080 a shekara ba tare da ya yi tunaninta ba. Mu kuwa in dusar ƙanƙara ta sauka a Janairu, ko aka wayi gari da ruwa heluma ya ce a koma gida, awar nan ta tafi ke nan.

Waccan 420 ta 2009 ita ake kira giɓi. Shekarar da mutum bai haura awa 500 ba, doka ta ba asusu dama ya rubuta ta a matsayin yankewar aiki. Giɓin shekara ɗaya ba ya kashe komai, in ka dawo ka ci gaba sai a ɗora daga inda ka tsaya. Amma in haƙƙinka bai tabbata ba, kuma giɓin ya jeru shekara biyar, to an share allon. Da Yaya ya leƙo a shekara ta huɗu ko ta biyar ya yi awa 501, kamar mako 13 ke nan, da sarƙar ta tsinke, da shekarunsa huɗu suna nan. Akwai uzurin da doka ta karɓa: wanda ya tafi aikin soja, ko wadda ta tsaya saboda haihuwa, ko uban da ya tsaya renon jariri, ana rubuta musu abin da zai hana shekarar zama giɓi. Na duba ƙasidarmu daga farko har ƙarshe, ban ga inda aka ce jinyar mahaifi ko rabon gado ba.

Littafi na biyu shi ne na makin fansho, wanda ke yanke nawa za a riƙa ba ka a wata. A nan kowane asusu da nasa ma'auni, kada wani ya ɗauki na abokinsa ya auna kansa. Wani asusun yana ba da cikakken maki a awa 1,000, wani sai ka kai 1,500, wani ma ya fi haka. Wanda bai kai ba ana ba shi gutsure, rubu'i ko rabi ko kashi kaza cikin goma. Bari in yi misali da lamba mai sauƙi. A ce cikakken maki awa 1,500 ne, kuma kowane maki yana kawo dala 60 a wata. Wanda ya yi awa 900 ya sami shida cikin goma na maki, dala 36 ke nan a wata har ya koma ga Allah. Wanda ya tara maki 25 yana da dala 1,500 a wata. Wasu asusun kuma ba ruwansu da maki, wani kaso na kuɗin da aka zuba saboda awoyinka suke mayarwa fansho, to a can kowace awa tana da daraja, babu wadda ta faɗi ƙasa banza. Abin da ya kamata mutum ya tambaya shi ne: a namu akwai iyaka a shekara ko babu? Don akwai asusun da in ka cika makin shekara, ƙarin awoyin da ka yi aljihunka kawai suka amfana. Akwai kuma tambayar ko awar da aka yi ake ƙirgawa ko awar da aka biya, saboda aikin Asabar da ake biya ninki ɗaya da rabi.

Wani abu kuma, awoyin inshorar lafiya dabam suke. Su ana tara su ne don su riƙe ka watannin da babu aiki. Na sha jin mutum yana cewa ai yana da awoyi a ajiye, alhali na asibiti yake nufi, na fansho kuwa babu.

Yanzu 2013. A farkon 2014 takardar lissafin shekara ta zo, na ga an rubuta mini awa 760. Gabana ya faɗi, don na san bazarar nan ban huta ba. Matata, Allah ya saka mata da alheri, tana da wani tsohon gwangwanin biskit da take jefa duk takardar albashin da ta tarar a aljihun wandona kafin wanki. Ni dariya nake mata. Daren nan muka zazzage shi a kan darduma, wasu takardun sun yi dauɗa da siminti, wasu tawadar ta dushe, muka jera su mako-mako. Tana karantowa ina dannawa a waya. Awa 1,072. Ashe wani ƙaramin ɗan kwangila da na yi wa aikin filin ajiye motoci a Agusta da Satumba ya biya ni ladana daidai, amma bai tura rahoton awa 312 ga asusun ba. Na kai takardun wurin wakilin ƙungiya, ya yi hotonsu, masu binciken asusu suka bi sawu. Wata biyar aka ɗauka kafin a gyara. Da gwangwanin nan babu, da bakina kawai zan je da shi, kuma kamfanin bai ƙara shekara biyu ba ya rufe. Tun daga ranar ban sake yi mata dariya ba. Na ƙara da ɗan littafi a mota, kullum in na tashi aiki in rubuta kwanan wata, wurin aiki, da awa.

Wannan ya kawo ni kan aikin biyan hannu da hannu, wanda na san wasu za su ji haushina. Eh, na san daɗinsa. Mutum ya kira ka ranar Asabar ka gyara masa daɓen ƙofar gida, ya ƙirgo maka tsaba, babu haraji babu komai. Ni ma na yi. Amma na ga samari suna ƙin amsa kiran ofishin ƙungiya a watan Nuwamba saboda irin wannan aiki, alhali awa 60 ko 80 ta rage su cika dubu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji su. To, wannan kazar ba ta gudu, kuma kullum tana saka ƙwai. Haka a taron ƙungiya, in an samu ƙarin kuɗi a sabuwar yarjejeniya aka zo jefa ƙuri'ar yadda za a raba shi tsakanin aljihu da inshora da fansho, matasa aljihu suke so, masu furfura fansho. Mutanenmu kuwa ko taron ba sa zuwa, sai dai su ji abin da aka yanke.

A 2016 aiki ya yi ƙaranci a wajenmu, na tafi jihar Indiyana na yi wata bakwai. Can wani asusun ne dabam. Akwai yarjejeniya tsakanin asusun da yawa wadda ke sa kuɗin awoyinka ya biyo ka gida, amma ba ya tasowa da kansa, sai ka cike takardar neman a tura. Wani dattijo Bature da muke aiki tare shi ya ja ni gefe ranar farko ya ce in je in sa hannu kafin in ɗauki shebur, don wasu asusun ba sa waiwayar watannin da suka wuce da nisa. Wanda bai yi ba sai ya tashi da shekara biyu a nan, uku a can, babu inda ya cika biyar. Dattijon ne kuma ya nuna mini tsoffin gine-ginen kamfanin mota na Studebaker a garin South Bend, wanda ya rufe masana'antarsa a Disambar 1963. Kimanin ma'aikata 4,000 suka tashi da kusan kashi 15 cikin 100 na fanshon da aka yi musu alkawari, wasu dubbai ko sisi. Kukan wannan lamari yana cikin abin da ya haifi dokar ERISA, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu ranar 2 ga Satumba, 1974, ranar ma'aikata ta Amurka.

Ba zan ɓoye cewa tukunyar kanta tana iya tsagewa ba. Asusun Central States na direbobin manyan motoci ya kusa ƙarewa, sai da gwamnati ta zuba masa kusan dala biliyan 36 a ƙarƙashin wata doka ta 2021, aka sanar a Disambar 2022. Akwai hukumar gwamnati mai suna PBGC da ke tsaya wa fansho in asusu ya karye, amma abin da take lamuncewa a asusun ƙungiyoyi bai wuce dala 35.75 a wata kan kowace shekarar aiki ba. Wanda ya yi shekara 30 yana aiki zai tashi da dala 12,870 a shekara, wanda a nan ko kuɗin haya ba lallai ya biya ba. Kowace shekara asusu yana aiko da takardar da ke faɗin lafiyarsa, ko yana kore, ko rawaya, ko ja. Ita ce ambulan da kowa ke jefawa a shara.

Sai maganar iyali, a taƙaice. Tun 1984 doka ta ce mai aure in zai yi ritaya, tsarin da za a ɗora shi a kai shi ne wanda matarsa za ta ci gaba da karɓar aƙalla rabi bayan ransa, kuma ba zai iya zaɓar wani ba sai ta sa hannu a gaban shaida. Mace ɗaya asusun ya sani, wadda ke kan takarda. Mai iyali fiye da haka ya yi wa kansa tanadi tun yana da rai, kada ya bar wa na baya rigima. Wanda kuma ya fara karɓar fansho ya ce zai ɗan taɓa aiki, ya sani cewa in ya kai awa 40 a wata a irin sana'arsa kuma a yankin asusun, ana iya tsayar da kuɗin watan.

Makon da ya wuce wani yaro ɗan shekara 29 da ke aiki a rukuninmu ya ce mini, "Baba, bayan wannan ginin zan je gida in yi aure, in ɗan zauna shekara ɗaya ko biyu." Na ce masa Allah ya sanya alheri, shekara nawa gare ka a littafi? Ya ce ya kai shekara shida a ƙungiya. Na ce ba wannan na tambaye ka ba. Muka zauna a bayan motata, ya kira ofishin asusu ya sa a lasifika. Huɗu gare shi, kuma bana yana da awa 815. Saura 185, mako biyar bai cika ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ai an riga an sa rana. Na ba shi lambar Yaya na ce ya kira shi da daddare. Ban san abin da suka tattauna ba, amma ranar Litinin na gan shi yana tambayar heluma ko akwai aikin Asabar.

Yaya kansa ya sake farawa daga sifiri a 2015 yana da shekara 55, ya cika biyar ɗinsa, ya ƙara wasu a kai kafin bayansa ya ce ya isa. Ya ce in gaya maka ya yarda a buga labarinsa muddin ba a ambaci sunansa ba.

Na gode da wannan fili. Gobe ƙarfe biyar na asuba motar kankare ta farko za ta iso, dole in kwanta.

Wassalam. Naku,
Wani mai aikin kankare,
Ohayo, Amurka.